Inuwa Direba da Fitilar Inji

A ƙauyen Gidan Kanya, mil uku gabas da Ɗambatta, inda gonar wani ke ƙarewa a jikin dangar gidan wani, akwai mutumin da ba a kiran sunansa sai an haɗa da sana'arsa. Inuwa Direba ake ce masa, ko a wurin ɗaurin aure, ko a bakin liman. Mutum ne gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya son hayaniya, kuma ba a taɓa ganin hularsa a karkace ba.

Ya shiga harkar mota a shekarar 1972, shekarar da aka bar bin hannun hagu aka koma dama, yana ɗan shekara goma sha biyar. Karen mota ya fara yi a wata gingimari mai kai gyaɗa Kano. A wancan zamanin ba a koyar da mota da baki. Mutum ya yi ta saka weji yana wanke taya yana saurare, har kunnensa ya san bambancin kukan injin da ke jin ƙishirwa da na wanda filoginsa ya mutu. Ya sami lasin a 1979. A 1986 Alhaji Abdulkabir, wani mai fataucin hatsi a Ɗambatta, ya ɗauke shi direban gida, kuma daga ranar bai sake riƙe makullin kowa ba.

Fijo biyu ya tsufar wa Alhaji. Motoci ne da mutum zai buɗe bonet ya ga komai a fili kamar kayan miya a faifai. Idan kafireto ya toshe, sai ya kwance shi a gindin bishiya, ya wanke da fetur, ya hura da baki, ya mayar, kafin Alhaji ya gama alwala. Ƙafar Inuwa ba ta da nauyi a kan totur, kuma a duk tsawon aikinsa bai taɓa taka ko kazar mutane ba.

Sau ɗaya mota ta ba shi kunya. A wahalar man 1994, ɗan Alhaji, Abdulrauf, yana da shekara shida, zazzaɓi ya kama shi har yana sanƙarewa. Inuwa ya ɗauko shi da mahaifiyarsa, Hajiya Sa'ida, da ɗan man da ya rage a tanki, yana lissafin zai kai su. Bai kai ba. Motar ta mutu da rana tsaka, saura mil ɗaya da rabi a isa asibiti a Kano. Inuwa ya saɓa yaron a kafaɗa ya ƙarasa da ƙafa, Hajiya na bin sa a baya takalminta a hannu. Yaron ya warke, ba wanda ya ga laifin direba, amma shi bai yafe wa kansa ba.

Tun daga lokacin ya fito da tasa hanyar shan mai. Akwai wani guntun katako a but ɗinsa. Idan ya shiga gidan mai, sai ya ajiye katakon ya hau da tayar baya ɗaya, don motar ta karkata bakin tanki ya ɗaga. Idan famfo ya yi ƙas ya tsaya, sai ya ce wa mai zubawa ya dakata. Ya sa kafaɗa ya girgiza motar sau bakwai ko takwas, man ya zauna, a ƙara. Ya sake girgizawa, a sake ƙarawa, har sai ya ga fetur da idonsa yana ƙyalli a bakin tanki. Direbobi da yawa suna yin haka, amma ba wanda ya kai Inuwa natsuwa a kai. Masu zuba mai na Ɗambatta sun san shi, da sun hango shi sai su ce ga mai rawa da mota ya iso.

Alhaji ya rasu a 2017. 'Ya'ya sun watse, Abdulrauf yana aiki a Abuja, gidan ya rage Hajiya da masu taya ta aiki. Aikin Inuwa ya koma kai ta gidan biki da gidan rasuwa, da kuma babbar tafiya guda: Talatar farko ta kowane wata yana kai ta Kano ganin likita saboda ciwon suga. Tsohuwar Fijo ta ci gaba da yi har 2023, lokacin da Abdulrauf ya aiko wa mahaifiyarsa mota 'yar Beljiyam, mai ruwan toka, mai canja giya da kanta. Inuwa ya buɗe bonet ya tarar da baƙin murfin roba ya rufe komai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe a hankali. Amma ya riƙe ta da amana, yana wanke ta kullum bayan hantsi, yana sha mata mai yadda ya saba.

A daminar 2024, gero ya kai gwiwa, suna dawowa daga Kano sun wuce Dawanau kaɗan, sai wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari. Ruwan ɗorawa ce, mai siffar inji, girmanta bai wuce ƙwayar gyaɗa biyu ba. Inuwa ya sauka gefen titi. Ya duba baƙin mai, yana daidai. Ya duba ruwan lagireto da man birki da bel, babu abin da ya taɓa su. Ya sunkuyar da kai ya saurari injin, injin na tafiya sumul kamar ranar da aka kawo shi. Abin da ya rikita shi ke nan. Shekara hamsin da biyu, duk motar da ke da ciwo kunnensa yakan riga kowa sani. Ga wadda ke cewa ba ta da lafiya, shi kuma bai ji komai ba.

Da ya yi tunani, ya tuna abu biyu da ya ƙi kulawa da su. Kwanakin baya, duk sanda ya gama shan mai, sai motar ta yi gardamar tashi, sai ya murɗa makulli sau biyu ko uku. Kuma da rana idan ta sha zafi, yakan ji warin fetur ta wajen tayar baya. Ya ɗauka man da ya zuba a jikin motar ne.

Hajiya ce ta faɗa wa ɗanta a waya, cikin hira, ba da wata manufa ba. Washegari ta aika a kira Inuwa. Ya durƙusa a bakin ƙofar falo inda ya saba durƙusawa, ta daɗe tana gyara mayafi kafin ta yi magana.

"Malam Inuwa, suɓutar baki na yi. Na faɗa wa Abdu maganar fitilar nan. Ya ce zai zo ƙarshen wata, kuma idan motar zamani ta fi ƙarfinka, yana da wanda zai kawo. Na ce masa ba ta fi ƙarfinka ba. To, ka taimake ni ka kashe ta kafin ya zo. Duk abin da za a saya, a saya."

Inuwa ya ce in sha Allahu. Ya ƙirga a ransa, kwana goma sha tara.

Ba yau Abdulrauf ya fara wannan magana ba. Tun da Inuwa ya haura sittin da biyar yake cewa Baba Inuwa ya kamata ya huta, Hajiya tana kawar da zancen. Shi kuwa Inuwa bai san me ake nufi da hutu ba. Yana da gona biyu a Gidan Kanya, amma ƙannensa ke noma su tun yana saurayi, hannunsa bai san fartanya ba. Idan aka karɓi makullin, bai ga abin da zai fito da shi daga gida da safe ba.

Ya kai motar wurin Basiru, bakaniken da ke ƙarƙashin darbejiya a hanyar Kazaure. Sa'o'in juna ne, tare suka yi karen mota, kuma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Yau kuma amaryar ce ta yi yaji?" in ji Basiru, yana goge hannu a wando.

"Idonta ne ya yi ja. Ka duba mini, in dai naka idon na gani."

"Nawa idon ya fi naka, tsoho. Kai da ake cewa jiya ka gai da jaki a bakin kasuwa."

Basiru ya zagaya motar, ya saurara, ya taɓa nan ya taɓa can. Daga baya ya cire kan batir, suka zauna suka ci gyaɗa dafaffiya na minti goma, ya mayar. Da aka tayar, fitilar ta mutu. Inuwa ya koma gida yana jin kamar an sauke masa buhu daga ka, har matarsa Hure ta tambaye shi ko albishir aka yi masa.

Kwana huɗu fitilar ta yi a mace. Rana ta biyar, ya kai Hajiya ta'aziyya Minjibir, a hanyar dawowa ta sake kamawa.

Daga nan aka shiga lalube. Basiru ya canja filogi huɗu da ba su yi laifin komai ba. Ya wanke nozul. Wani direban bas ya ce a tasha ya ji ana cewa murfin tanki ne ke kawo haka, aka sayo sabon murfi. Kowane karo sai a cire kan batir, fitilar ta mutu, Inuwa ya yi kwana biyu ko uku yana tuƙi yana satar kallon wurin, sannan ta dawo. Har ya kai ga ba ya jin daɗin tuwo. Hure ta ce ita ba ta gane ba, mota tana tafiya, ba ta hayaƙi, ba ta tari, mutum ya hana kansa sukuni saboda fitilar da ba ta kai ta aci-balbal haske ba. Ya ce mata ba za ta gane ba. Gaskiyar ita ce shi ma bai gane ba.

Saura kwana shida, Basiru ya jefar da sifana a ƙasa ya zauna a kan tsohuwar taya.

"Direba, in faɗa maka gaskiya? Motar nan ba da irinmu take magana ba. Abu biyu ya rage. Ko in buɗe allon gaban sitiyari in cire ƙwan fitilar, ko in liƙa mata baƙin salatif ta ciki. Rabin motocin da ke tashar nan haka suke yawo. Yaron zai zo ya duba, ba zai ga komai ba."

Inuwa ya dubi motar, ya dubi Basiru. Sannan ya ce, "Matar Alhaji nake ɗauka a ciki. Idan wani abu ne zai kama da wuta fa?"

Basiru bai yi musu ba. Ya ce to, sai dai Kano. Akwai wani Fahad a Ƙofar Ruwa mai duba mota da kwamfuta, ya ji ana yabonsa. Ya faɗi haka yana kallon ƙasa, don bai taɓa tura motar Inuwa wurin wani ba.

Ranar Litinin da sassafe Inuwa ya tsaya gidan mai, ya hau katakonsa, ya girgiza, ya cika ta har baki kamar kullum. Ta yi gardamar tashi sau uku. Ya kama hanya.

Fahad magidanci ne mai kimanin shekara talatin da biyar, kaftaninsa fes, babu ɗigon baƙin mai a farcensa. Inuwa ya ga haka zuciyarsa ta karaya. Mutumin ya gaishe shi da ladabi, ya sa aka kawo masa kujera, sannan ya jona wata na'ura mai kamar babbar waya a ƙarƙashin sitiyari. Ko bonet bai buɗe ba. Bayan minti biyu ya ce injin lafiyarsa lau, matsalar tana baya, wajen tanki.

Ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce a tsofaffin motoci tururin fetur fita yake yi ya bi iska. A irin waɗannan kuwa ba a barin sa ya fita. Akwai siririn tiyo da ke ɗaukar tururin daga saman tanki ya kai shi wani baƙin akwati cike da gawayi, gawayin ya riƙe shi. Idan mota na tafiya, sai wani ɗan bawul ya buɗe, injin ya zuƙe tururin ya ƙone. Motar kuma tana gwada wannan hanya da kanta lokaci-lokaci, idan ta ga ba daidai ba sai ta kunna fitila. Cire kan batir mantar da ita kawai yake yi, da ta sake gwadawa sai ta tuna.

Aka hau da motar kan rami. Fahad ya tuɓe kaftani ya shiga, ya kwance akwatin, ya miƙo wa Inuwa. Ya ce ya kamata a ji shi sakayau kamar busasshiyar ƙwarya. Inuwa ya karɓa ya ji nauyi. Da ya karkata shi, sai fetur ya tsiyayo baƙi ƙirin a kan takalminsa. Fahad ya ciro bawul ɗin ma, ya buga a tafin hannu, ƙwayoyin gawayi suka zubo. Su ne suka hana shi rufuwa, shi ya sa motar ke shaƙewa bayan an sha mai.

"Baba, wa yake sha wa motar nan mai?"

"Ni ne," in ji Inuwa. "Ba na barin kowa." Ya buɗe but ya nuna masa katakon, ya kwatanta yadda yake yi, har da yawan girgizar. Yana faɗa yana jin daɗi, don a nan ne kaɗai yau ya sami abin da ya sani.

Fahad ya saurare shi har ya gama. Ya ɗan sosa ƙeya.

"Baba, ka yi haƙuri. Abin da ya kashe akwatin ke nan. Sararin da ke saman tanki da gangan aka bar shi. Idan famfo ya yi ƙas, an gama. Duk abin da aka ƙara bayan nan, tiyon tururi yake bi ya gangara cikin gawayin."

Inuwa ya tambaya ko sau ɗaya ne ya yi yawa. Fahad ya ce a'a, aikin wata da watanni ne, kowane shan mai da nasa rabon. Inuwa ya koma kan kujera ya zauna, katakon a kan cinyarsa. Yana nan zaune har aka samo wani akwatin da wani bawul a cikin kasuwa, aka hure tiyo da iska, aka ɗaura, aka goge laifin da na'ura. Da zai tafi, Fahad ya raka shi har bakin mota ya rage murya. Ya ce idan mai motar ya tambaya, a ce kayan ne suka tsufa. Motar Beljiyam ce, ta yi shekaru a wata ƙasa, ba wanda zai musa, shi ma idan aka kira shi haka zai faɗa. Inuwa ya yi masa godiya.

Ranar Alhamis ya shiga gidan mai a Ɗambatta. Famfo ya yi ƙas, mai zubawa ya tsaya yana jiran a fara rawa. Inuwa ya ce ya isa. Mutumin ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya, ya rufe tanki, ya shiga. Motar ta tashi bugu ɗaya.

Abdulrauf ya iso ranar Asabar bayan azahar. Ba shi kaɗai ba ne. Wani dogon mutum mai furfura ɗai-ɗai a gemu ne ya tuƙo shi, aka ce sunansa Ja'afaru, mutumin Shanono, ya yi shekara goma sha biyu yana jan motocin wani kamfani. Da jakar kayansa ya zo.

Abdulrauf ya durƙusa ya gai da Inuwa kamar yadda ya saba tun yana ƙarami. Bayan la'asar ya karɓi makulli ya tayar da motar a tsakar gida. Fitilu suka kama gaba ɗaya suka mutu gaba ɗaya, har da mai ruwan ɗorawar. Ya ɗan yi jim, kamar wanda ya shirya magana aka ɗauke masa farkonta. Hajiya tana tsaye a bakin ƙofa ta ce ai ta faɗa masa. Ya ce alhamdu lillahi, sannan ya juyo ya tambayi Baba Inuwa me ya sami motar.

Amsar Fahad tana bakin Inuwa, gajeriya, a shirye. Ya dubi Hajiya, ya dubi yaron. Bai taɓa yi wa gidan nan ƙarya a kan mota ba, ko a kan lita ɗaya, kuma ya tarar bai san yadda ake farawa ba.

"Ni na lalata ta, Abdu," ya ce. "Yadda nake sha mata mai ne. Shekara guda ina yi mata illa ban sani ba."

Ya faɗi komai, da katakon, da girgizar, da akwatin gawayi. Abdulrauf ya saurara kansa a ƙasa. Bai ɗaga murya ba, bai nuna ɓacin rai ba, da ma ya nuna da ya fi sauƙi.

"Ai an gyara, Abdu," in ji Hajiya.

"Wannan an gyara, Hajiya. Na gaba fa? Ba laifin Baba ba ne, motocin ne suka canja. Idan wani abin ya taso a tsakiyar hanya kina ciki, sugarki ya faɗi, wa zan kama?"

Hajiya ta gyara mayafinta. Ɗanta ne ya sayi motar, shi ke riƙe da gidan. Ta koma ciki, labule ya faɗi a bayanta. Abdulrauf ya ce Baba Inuwa ɗan gida ne har abada, duk abin da ake kai masa da kaka da salla ba za a fasa ba, kuma ƙofa a buɗe take. Ya roƙi alfarma ɗaya: ranar Talata ya raka Ja'afaru Kano, ya nuna masa ƙofar da ake shiga asibitin da inda ake ajiye mota. Makullin bai dawo hannun Inuwa ba. Daga hannun Abdulrauf ya wuce na Ja'afaru.

Ranar Talata Inuwa ya zauna a kujerar gaba ta dama. Bai san titin Kano yana da faɗi haka daga wannan gefen ba. Duk sanda suka tunkari rami ko ɗan acaɓa, sai ƙafarsa ta dama ta danna ƙasan motar inda babu birki. Ya shirya gyare-gyare da yawa da zai yi wa sabon direban, yana jiran wurin faɗarsu. Ja'afaru ya rage gudu tun kafin kwanar da ya kamata, ya kauce wa ramukan da Inuwa ke kaucewa, ya tsaya wa garken shanu ba tare da ya danna oda ba. Har suka je suka dawo, abin da Inuwa ya faɗa bai wuce "nan ne ƙofar" ba. Hajiya a baya tana jan carbi.

Suka sauke shi a mararrabar Gidan Kanya da yamma. Hajiya ta sauke gilashi ta ce ya gai da Hure. Ya ce za ta ji. Ya tsaya har motar ta sha kwana, sannan ya bi siririyar hanyar da ta ratsa gonaki, geron da ke dama da hagu ya fi shi tsawo.

Hure tana tankaɗe a tsakar gida. Ta kawo masa ruwa, ta jira ya sha, sannan ta tambaye shi yaya hanya, yaya kuma sabon mutumin.

"Ya iya mota," in ji Inuwa. "Ban ga abin gyarawa ba."